Kalmar da Gwaggo Mai Yanka Ta Yanke

Mahaifina akawu ne a wani kamfanin ɗinkin yunifom, kuma shekara talatin da ɗaya da ya yi a wurin ba wanda ya kira shi da sunansa na gaskiya. Malam Ƙamus ake ce masa. Masu ɗinki ne suka laƙaba masa don tsokana, shi kuwa ya karɓe hannu bibbiyu, har idan ya buga waya gida sai ya ce, "Ƙamus ne, a ba ni uwar gidan."

Da aikin masinja ya shiga kamfanin, ba shi da komai sai takardar firamare. Turancinsa a hanya ya tsince shi. Duk wasiƙar da aka ba shi ya kai, idan ba a liƙe take ba sai ya karance ta a mota, kalmar da ta burge shi ya kwafe a ɗan littafin aljihu. Da haka ya hau kujerar akawu, aka ba shi ofis mai taga ɗaya, da tafireta, da kabad ɗin fayil wanda sai an doke shi da gwiwa yake buɗewa. Wasiƙar neman kwangila, takardar gargaɗi, takardar hutu, duk daga hannunsa suke fita. Kuma gaskiya ya iya. Ban ce don mahaifina ba ne, wasiƙarsa tana da tsari da ladabi.

Sai dai yana da wata doka da ya ƙirƙiro wa kansa. Ya ce Turanci ba wuya gare shi ba, duk sirrin a wutsiya yake. Ka sami kalmar aiki, ka liƙa mata wutsiya, shi ke nan ta zama sifar mai yin aikin. Sau goma zai yi, tara su faɗa daidai, shi ya sa ba a taɓa kama shi ba. Akwai ƙamus na gaske a gidanmu, ƙato mai baƙin bango, kyautar tsohon mai kamfanin. Baba bai taɓa buɗe shi a gabana ba. Wai Ƙamus ya duba ƙamus, ai an yi abin kunya. Fankarmu ta falo ƙafarta ɗaya ta karye, to shi aka tokare ta da shi.

Ina shekara ta biyu a jami'a, kuma Turancin nake karanta, lokacin da mai kamfanin ya rasu 'ya'yansa suka sayar da ginin. Aka ba ma'aikata wata ɗaya kowa ya nemi inda zai nufa. Aikin Baba na ƙarshe shi ne rubuta wa kowa takardar shaida, mutum arba'in da wani abu. Ya ɗauki abin da zafi, don a ganinsa takardar nan ita ce guzurin da zai iya yi wa kowa.

A cikinsu akwai wadda muke kira Gwaggo Mai Yanka. Ba 'yar'uwarmu ba ce, zama ne ya yi zama. Ita ke riƙe da ɗakin yanka shekara ashirin da biyu. Ina ƙarama nakan bi Baba ranar Asabar in tsaya a ƙarshen dogon teburinta ina kallo: ta shimfiɗa yadi ninki goma sha biyu, ta jera kwalayen awo a kai, ta zagaye su da alli, tef a wuya, fil a baki, sannan ta ɗauko almakashin nan nata mai nauyi da ba ta ba kowa aro. Abin da aka fi saninta da shi kuwa shawara. Ita ta ce a juya kwalin hannun riga kai ƙasa, bandir ɗin da ke ba da riga goma ya koma ba da sha ɗaya. Ita ce za ta dubi babban kwastoma ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan yadin wanki biyu zai koɗe, ɗauki wancan." Ba ta iya kwana-kwana ba. Riga ta matse ka za ta ce ta matse, ko kai wane ne.

Mijinta ya shekara uku a kwance da shanyewar ɓarin jiki, ita ce gidan. Sai ga wani babban kamfani a ɗaya gefen gari yana neman shugabar ɗakin yanka, gurbi ɗaya tak, aka ce ta je ranar Litinin da takardar shaida. Sun ce ba sa karɓar bugun tafireta, sai na kwamfuta. Shi ya sa ranar Juma'a da yamma Baba ya miƙo min rubutun hannunsa ya ce, "'Yar boko, ga ta Mai Yanka. Ki buga min ita tsaf. Wannan na zuba mata duk abin da na iya."

Na zauna a teburin cin abinci na buɗe kwamfuta. Sakin layi na farko lafiya lau: gaskiya, zuwa a kan lokaci, iya aiki. A na biyu ne hannuna ya tsaya. Idan na mayar da jimlar Hausa na bar kalmar yadda ya sa ta, ga abin da ya rubuta: "Wannan mata suggestive ce ƙwarai, musamman ga ma'aikata maza da manyan kwastomomi, ko da bayan an tashi daga aiki."

Na san abin da yake nufi. Ya ɗauki suggest, wato ba da shawara, ya liƙa mata wutsiya. Nufinsa mace ce mai shawara, wadda har maza ke saurara, kuma ba ta ƙyashin tsayawa bayan tashi don ta gyara wa wani aiki. Amma wannan na cikin ɗayar nan da ke kuɓuce wa dokarsa. Kalmar ba mai shawara take nufi ba. Tana nufin abin da ke nuni ba tare da ya fito fili ya faɗa ba. Likita zai ce irin wannan tarin suggestive ne na ciwon ƙirji, wato yana nuna alamarsa. To idan an faɗi abin da ake nunin, ba laifi. Amma a liƙa wa mace ita haka kawai, ba a ce nunin me take yi ba, duk wanda ya san harshen wuri ɗaya hankalinsa zai tafi: mai kwarkwasa, mai fari da ido, mai magana da harshen damo don jan hankalin maza. Ga kuma Baba ya ƙara da maza, ya ƙara da bayan tashi daga aiki. Ko maƙiyinta ne ya zauna ya tsara, iyakar abin da zai rubuta ke nan.

Za ku ce me ya hana in canza kalmar shiru, ba wanda ya ji ba wanda ya gani? Na yi tunanin haka. Amma Baba ba ya sa hannu a takarda sai ya ɗora rula ya bi ta layi-layi yana gwadawa da rubutun hannunsa. Na taɓa cire masa waƙafi ɗaya a wata wasiƙa, kwana biyu yana amsa gaisuwata da hanci. Hanya ɗaya ce: in je in faɗa masa. To in faɗa masa me? In dubi tsabar idon mahaifina in yi masa bayanin kwarkwasa? Mu da ko a talabijin aka nuno mace da namiji sun matso kusa sai ya tuna yana da aiki a waje, ni kuma in tuna na bar ruwa a wuta. Ga kuma ɗaya kunyar: in nuna wa mutumin da ya sayar da babur ɗinsa ya kai ni jami'a cewa Turancin da ake masa kirari da shi ya ci tuntuɓe.

Sai na yi dabarar marasa zuciya. Na yi masa hannunka mai sanda.

"Baba," na ce, "wannan kalmar ta layi na bakwai, kamar tana da fuska biyu fa."

Ko ɗagowa bai yi daga jaridarsa ba. "Duk kalmar kirki haka take. Mai fuska ɗaya ai ta 'yan firamare ce."

Washegari Asabar da hantsi ya fita aski. Na zaro ƙamus daga ƙarƙashin fanka, na buɗe daidai shafin, na sa tsinken ashana a kan layin, na ajiye a kujerarsa. Na koma kicin ina leƙe ina jin kaina wata mai hikima. Ya dawo, ya tsaya tsakiyar falo ya ce, "Wa ya cire wa fanka ƙafa?" Ya rufe littafin da tsinken a ciki ya mayar da shi mazauninsa, ya danna fankar ya ga ta zauna, ya nemi shayi.

Dabara ta uku ita ce ta fi muni. Na bi ta wurin Umma tana shanya. Na ce ta gaya wa Baba akwai kalmar da ba ta dace ba. Ta ce me kalmar ke nufi? Ko ita ɗin sai na kasa, na ce, "Ba dai ta da daɗi, yanzu ba a cika amfani da ita haka ba." Umma kuwa ta shiga falo da kwandon wanki a ƙugu ta ce, "Malam, 'yarka ta ce Turancinka ya tsufa."

Innalillahi! Baba ya cire tabarau ya dube ni. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Cewa ya yi, "Shekara biyu ke nan da shigarki, ko? To ki bari ki gama tukuna. Buga min yadda na rubuta."

Na buga. Da yatsuna na buga ta, harafi goma, ban yi kuskuren ko ɗaya ba. Na kai shagon kwamfuta aka fitar a farar takarda mai kauri. Baba ya bi ta da rula, ya sa hannu, ya buga hatimin kamfani. Na rarrashi kaina da cewa wa ke karanta takardar shaida, ai hatimi kawai ake dubawa. Ranar Lahadi Gwaggo ta zo karɓa. Ba ta karanta Turanci, sai ta shafa takardar kawai ta ce, "Kai, ta yi kyau. 'Yata ce ta buga? Allah Ya yi miki albarka." Na ce amin, ina kallon ƙasa.

Litinin wajen ƙarfe biyu na rana aka buga ƙofa. Gwaggo ce, cikin kayanta na fita, ambulan a hannu. Ba ta zauna ba, ba ta karɓi ruwan da Umma ta miƙa mata ba.

"Malam Ƙamus, me ka rubuta a kaina?"

Baba ya gyara zama. "Alheri, Mai Yanka. Me ya faru?"

Ta ba da labari a tsaye. Manajan ya karɓe ta da mutunci, ya ga samfurin yankanta ya yaba. Da ya buɗe takardar sai ya karanta, ya ɗago ya dube ta tun daga ɗankwali har takalmi, ya sake karantawa. Ya kira wani abokin aikinsa ya nuna masa da yatsa, suka juya baya kafaɗunsu na rawa. Sannan ya tambaye ta wai ita da wanda ya rubuta takardar yaya suke. Ya ce su nan ɗinki kawai suke yi, ta je za a neme ta. Sakatariyarsa ce ta biyo ta har bakin matakala ta ce, "Iya, don Allah kada ki kai takardar nan ko'ina sai kin sami wanda zai karanta miki tsakani da Allah."

"Ni da jikoki biyu," in ji Gwaggo, "yaro sa'an ɗana ya dube ni irin wannan kallon. To a karanta min."

Baba ya karɓa ya shiga fassarawa da muryarsa ta ofis. Da ya zo layi na bakwai ya ce, "Mace ce mai yawan shawara." Gwaggo ta girgiza kai. Ta ce shawara ba ta sa a yi wa mutum dariya. Sai ta juyo kaina, ina raɓe a bakin ƙofar kicin kamar kazar da ruwa ya daka.

"Ke, 'yar boko. Ke kika buga. Tun kina rarrafe na san ki, ban taɓa ɓoye miki komai ba. Me takardar nan ta ce?"

Abin da na kasa faɗa wa mahaifina mu biyu a falo, shi na faɗa a gabansa, da gaban uwata, da gaban matar da aka zubar wa mutunci. Na ce kalmar tana nufin mai nuni a kaikaice. Gwaggo ta ce, "Ki yi min Hausa." Na ce, "Gwaggo, cewa ta yi ke mai kwarkwasa ce, mai jan hankalin maza, har bayan an tashi daga aiki." Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na gode mata.

Umma ta dafe ƙirji ta zauna a hannun kujera. Baba ya ajiye takardar. Ya tashi ya durƙusa gaban fanka ya zaro ƙamus, fankar ta kife gefe ba wanda ya kula ta. Bai sha wahalar nema ba, littafin da kansa ya buɗe inda tsinken ashanata yake. Ya bi layin da yatsa, leɓensa na motsi, ya kai ƙarshe ya dawo farko. Sannan ya ɗaga tsinken ya dube shi.

"Ashe abin da ya cire wa fanka ƙafa ke nan ranar Asabar."

"Eh, Baba."

"Tun Juma'a kin sani."

"Na sani."

Ya cire tabarau ya goge ido da bayan hannu. "Ni da rashin sani na rubuta," ya ce. "Ke da sani kika buga. Kunyata kika ji, ba ki ji tata ba."

Ya juya wurin Gwaggo ya ce, "Mai Yanka, na cuce ki. Ki yafe min." A rayuwata ban taɓa jin ya faɗa wa wani haka ba.

Gwaggo ta buɗe jakarta ta fito da almakashinta, don ta tafi da shi ne ko za a ce ta gwada yanka. Ta ce in nuna mata kalmar. Na ɗora yatsa a kanta. Ta ɗan lanƙwasa takardar, ƙyas, ƙyas, ta cire kalmar ita kaɗai, ko harafin maƙwabta ba ta taɓa ba. Ta ajiye ɗan guntun a kan ƙamus ɗin.

"Sauran shekarata ashirin da biyu ce, zan tafi da abata," ta ce. "Wannan kuwa taku ce, ku raba."

A yammacin nan muka sake wata takardar. Baba ya zauna kusa da ni, kowace kalma sai ya ce, "Wannan fa? Faɗa min ƙeƙe-da-ƙeƙe." Talata da safe ya sa rigarsa ta zuwa taro ya ce in raka shi. Ya tsaya gaban manajan nan da abokin dariyarsa ya ce, "Ni ne akawun da ya rubuta takardar jiya. Turancina na tsintuwa ne, na sa kalmar da ban san ma'anarta ba. Matar nan ta fi ni mutunci, kuma ba za ku sami mai yanka kamarta ba." Manajan ya ji nauyi, ya miƙe ya ba Baba kujera, ya ba da haƙuri kan dariyar. Amma ya ce tun jiya da yamma suka kira ta biyu a layi suka ba ta aikin, har ta sa hannu. Ya ce da wannan takardar aka fara kawowa, da ba su duba kowa ba.

A motar komawa, da muka kusa sauka, Baba ya juyo kaina. Ya ce daga yau kada a sake ce masa Ƙamus a gidansa. Mutanen gari ba su daina ba, amma shi ya daina amsawa da fara'ar da. Ya yi sauran shekarunsa yana rubuta wa maƙwabta wasiƙu a teburin falo, ƙamus a buɗe kusa da gwiwar hannunsa, fanka kuwa bulo aka samo mata. Ɗan guntun takardar nan yana cikin gidan tabaransa har ya bar duniya.

Gwaggo ba ta sake samun aikin kamfani ba. Ta kafa keken ɗinki a barandar gidanta, inda za ta riƙa jin kiran mijinta daga ɗaki. Matar da ke yanka riga ɗari kafin azahar ta koma rage tsawon wando da canza zif. Ba ta taɓa tayar min da maganar ba, kuma ba ta daina ce min 'yata ba. Na so a ce ta zage ni ko sau ɗaya ne, da na sami sauƙi.

Da na gama jami'a na sami aikin koyarwa, na kai mata yadi ta ɗinka min kayan fara aiki. Ta tsayar da ni a barandar tana aunawa, tef a wuya, fil a baki. Na ce ina so ta ɗan kama min a ƙugu. Ta zare fil ɗin ta ce, "A'a. Yadin nan ba ya miƙewa, in na kama zai matse ki, ki kasa ɗaga hannu a gaban allo. Gara in faɗa miki yanzu ki ji haushina. Magana kafin yanka ake yin ta, 'yata, bayan yanka sai dai haƙuri."

Ta mayar da fil ɗin baki ta ci gaba da awonta. Na dube ta ko zan ga wani abu a fuskarta, ban ga komai ba, lambar tef kawai take karantawa. Gwaggo ba ta habaici, kowa ya san wannan. Maganar riga take yi. Ni ce na tsaya hannuwa a sama, hawaye na zuba a kan sabon yadi, har ta ce in tsaya cak kada fil ya soke ni.